Ƙwayar Cuta Mai Kwanciya Cikin Jini

Yau maganarmu a kan wata ƙwayar cuta ce wadda ke ɓuya cikin jinin mutum shekara da shekaru. Likitoci suna kiranta HTLV-1. Dangin ƙwayar ƙanjamau ce, amma ba ita ba ce.

Ku sani, cikin jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi, su ne dogaran jiki. In cuta ta shigo, su ke tare ta. To, wannan ƙwaya cikin dogaran nan take shiga. Takan ratsa har tsakiyar farar ƙwaya, ta haɗe da ita, ta kwanta shiru. Duk sa'ad da farar ƙwayar ta rabu biyu, ita ma sai ta rabu tare da ita. Manomi ya san ƙuduji: irinsa yakan daɗe cikin ƙasa ba a gani, sai wata damina ya fito ya kashe dawa. Haka halinta yake.

A 1977 likitocin Japan suka bayyana wata irin sankarar jini mai kama manya. A 1980 Dakta Robert Gallo da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙwayar, daga baya aka tabbatar ita ke haddasa wannan sankara. An ƙiyasta mutum miliyan 5 zuwa 10 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi yawa a kudancin Japan, da tsibiran Karibiyan, da Amurka ta Kudu, da nan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Kada ku firgita. Cikin mutum 100 masu ɗauke da ita, kamar 5 ne ke samun sankarar, kuma sai bayan shekaru masu yawa. Alamunta su ne kaluluwa a wuya ko hammata, da ƙurajen da ba sa jin magani, da rama. Waɗansu kaɗan kuma ƙafafunsu ke sandarewa sannu a hankali. Saura sukan ƙare rayuwarsu lafiya lau. Amma mai lafiyan nan yana iya ba wani bai sani ba.

Ba a ɗaukarta ta gaisuwa, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Hanyoyinta uku ne: jini, da saduwar mace da namiji, da nonon uwa, musamman in shayarwa ta daɗe. Ba ta da allurar rigakafi, ba kuwa maganin da ke fid da ita. Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

Na ɗaya, kada ku yarda a yi muku allura sai da sabuwa.

Na biyu, wanzami ya sa sabuwar aska ga kowane mutum, wajen kaciya, ko tsaga, ko ƙaho.

Na uku, kowa ya tsaya ga iyalinsa.

Na huɗu, ku mata, kada wadda ta yaye jaririnta don ta ji wannan magana. Gudawa da tamowa sun fi saurin kisa. Sai an auna jini an ga ƙwayar, sa'an nan likita ya faɗa miki yadda za ki yi. A Nagasaki ta Japan, tun 1987 ake auna masu ciki ana ba su shawara, yaɗuwarta ga jarirai kuwa ta ragu ƙwarai.

Wanda ya ga kaluluwar da ta ƙi sacewa, ya zo wurin malamin asibiti tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya, amin.