Yabon Gwani Ya Zama Dole: Karrama Masu Fasaha da Masu Adana Gadonmu



Gabatarwa

Maganar da aka nemi in yi a yau ta shafi wasu mutane ne waɗanda kullum muna cin moriyar aikinsu, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi halin da suke ciki ba. Ina nufin masu fasaha na ƙasar Hausa, da kuma mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen adana abin da kakanninmu suka bari. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole. To, tambayar da nake so mu duba ita ce, wane irin yabo? Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa karramawar da ta amsa sunanta ita ce wadda aka yi wa mutum yana da rai, kuma wadda za ta sa sana'arsa ta rayu bayan ransa. Duk wadda ta gaza wannan, biki ne na yini ɗaya, a ci a sha a watse.

Su Wane Ne Masu Fasahar?

Idan an ce masu fasaha, yawanci hankalinmu yakan tafi ga makaɗa da mawaƙa, domin su ne muryarsu ke shiga gidajenmu. Amma fagen ya fi haka faɗi. Akwai masu fasahar baka, watau makaɗa da mawaƙa da 'yan kama da masu tatsuniya. Akwai masu fasahar alƙalami, marubuta waƙa da zube da wasan kwaikwayo, da kuma masu rubuta Alƙur'ani da zayyana shi. Sa'an nan akwai masu fasahar hannu: magina, maƙera, masaƙa, marina, majema, dukawa, masassaƙa, maɗinka, da mata masu ginin tukwane da saƙar faifai. Rukuni na huɗu kuwa su ne waɗanda ba lalle su ƙirƙiri kome da hannunsu ba, amma su ne suka hana abin da aka ƙirƙira ya salwanta. Alal misali, Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara rubuce-rubucen malaman jihadi ya kuma rubuta tarihinsu. Haka kuma Boubou Hama a Jamhuriyar Nijar ya tara littattafan hannu masu yawa, har aka sa wa gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai sunansa.

Karramawa a Gargajiyance

Kada wani ya zaci karrama mai fasaha baƙon abu ne da boko ya kawo mana. Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da tsarinta, kuma tsarin shi ne sarautar sana'a. A kusan kowace masarauta akan sami Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Dukawa da Sarkin Kiɗa da makamantansu. Wanda aka naɗa wa rawanin nan ya sami girma, amma tare da girman akwai nauyi. Shi ke tara 'yan sana'a in aikin fada ya taso, shi ke sasanta su in sun saɓa, shi ne kuma ke lura da cewa yaro bai fita da sunan gwani ba sai ya ƙware.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaura bakan gizon da har yau masana gine-gine na duniya suke nazarinsa. Laƙabin Babban Gwani ya zama gado a gidansa, har wata unguwa a birnin Zariya tana amsa wannan suna. Ke nan, ba mutum ɗaya aka karrama ba, an kafa gida ne wanda zai riƙe ilmin gini.

Haka abin yake ga makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa yana ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi kuwa shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ubangida yakan ba makaɗinsa riga da doki da hatsi, wani lokaci har da gida da gona, ta yadda zai sami sukunin zama da 'yan amshinsa su tsara waƙa. A cikin 'yan amshin nan ne magaji yake fitowa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsarin nan yana da nasa aibi. Al'ummar da take son waƙa ita ce kuma take raina mawaƙi. Ana kiransa maroƙi, ana jin daɗin muryarsa ranar biki, amma in ya zo neman aure sai a fara binciken asali. Maƙeri da majemi da mahauci su ma sun san wannan hali. Masani M. G. Smith ya yi rubutu a kan matsayin maroƙa a cikin al'ummar Hausa tun a 1957, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ragowar wannan ra'ayi bai gushe ba. Na kawo wannan ne domin mu gane cewa rainin da ake yi wa sana'a yana daga cikin dalilan da ke sa ɗan gwani ya guji sana'ar ubansa.

Karramawar Zamani

Da zamani ya juya, sai jami'o'i da gwamnatoci suka ɗauki wani sashe na aikin da fada take yi. Jami'ar Ibadan ta ba Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, digirin girmamawa a 1968. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, irin wannan digiri a 1977, kuma hotonta ne yake bayan takardar naira 20. Ita dai wannan jami'a ta ba Alhaji Mamman Shata digirin dakta a 1988. Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, shi ma Jami'ar Jos ta yi masa haka. A Nijar kuwa, masallacin ƙasa na garin Yama, cikin yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Waɗannan abubuwa suna da muhimmanci ƙwarai, kuma bai kamata a rage musu daraja ba. Ranar da aka sa wa Shata rigar dakta, jami'a ta yarda a bainar jama'a cewa ilmi bai tsaya ga wanda ya zauna a aji ba. Tun kafin nan ma, Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Daga irin wannan aiki ne nazarin waƙar baka ya kafu a sassan Hausa na jami'o'inmu, har ɗalibi ya iya samun digiri da waƙar da a da ake ganin ta 'yan tasha ce.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, idan muka duba da idon basira, za mu ga giɓi uku a cikin yadda muke karramawa.

Na farko shi ne jinkiri. Mun ƙware wajen ta'aziyya. Mai fasaha zai tsufa, muryarsa ta dushe ko idonsa ya raunana, ya kwanta ciwo ba mai leƙa shi, amma ranar da ya cika sai gidajen rediyo su kwana suna sa waƙoƙinsa, manya su yi jerin gwano zuwa gaisuwa. Yabon da mai shi bai ji ba, mu ne muka yi wa kanmu, domin mu rage nauyin kunya.

Na biyu shi ne son wanda ya riga ya yi suna. Waɗanda na ambata a baya duk duniya ta san su kafin a karrama su. Amma ina marinin da ya shekara arba'in a bakin karofi a Ƙofar Mata cikin Kano, wanda ya san gwargwadon baba da toka da katsi ba tare da ma'auni ba? Ina maɗinkin da ke fitar da aska takwas a wuyan riga? Ina tsohuwar da ke riƙe da tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno? Mata musamman su ne wannan giɓi ya fi shafa. In ka cire kaɗan irin su Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, yawancin mata masu fasaha sun zo sun wuce ba a ko rubuta sunansu ba.

Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne yabon mutum tare da barin sana'arsa ta mutu. Takardar shaida ba ta koya wa kowa ɗaurin guga. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, aka yi asarar rayuka, Allah ya ji ƙansu. Ganuwar Kano kuwa, kowa yana ganin yadda ruwa da masu gini suke cin ta kaɗan kaɗan. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da gyara a kai a kai, kuma gyaran yana bukatar maginin da ya san tubali da azara da makuba. Idan irin waɗannan magina suka ƙare, ko an ware kuɗi ba za a sami mai yin aikin ba. Haka nan, Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin gadon ɗan Adam a 2016, ta sa hawan salla na Kano a 2024. Abin murna ne. Amma hawa ba ya yiwuwa sai da baduku mai sirdi, da maƙeri mai linzami da likkafa, da mai busa algaita da kakaki. Su ne ginshiƙin da bikin ya tsaya a kai.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ba mu kaɗai ne muka fuskanci wannan matsala ba. Ƙasar Japan ta kafa dokar kare kayan al'adu a 1950, kuma daga 1955 ta fara zaɓen gwanaye a fannoni kamar saƙa da ginin tukwane da wasan kwaikwayo, tana ba kowannensu tallafin kuɗi duk shekara domin ya ci gaba da aikinsa ya kuma horar da magada. Idan muka lura, wannan bai yi nisa da sarautar sana'a irin tamu ba: girma ne haɗe da nauyi. Saboda haka ba aro za mu yi ba, farfaɗo da namu za mu yi, mu gyara shi ya dace da zamani. Ga shawarwari huɗu.

Da farko, kowace ƙaramar hukuma, tare da hakimai da dagatai, ta yi rajistar gwanayen da ke yankinta, maza da mata, da sana'arsu da shekarunsu da waɗanda suka koya a hannunsu. Wannan aiki ne na takarda da alƙalami, ba ya bukatar kwangila.

Na biyu, duk gwanin da jiha za ta karrama, a haɗa masa lambar da ɗan alawus na wata wata da kula da lafiyarsa, bisa sharaɗin ya riƙe almajirai biyu ko uku har su ƙware. Ma'aikatun ayyuka kuma su riƙa ba magina da masassaƙa na gargajiya aikin gyaran gine-ginen tarihi, domin ciniki ne ke raya sana'a.

Na uku, a kiyaye haƙƙinsu. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suna yawo a wayoyi da intanet, ana amfani da su a tallace-tallace da tarurruka. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta a 2022. Wajibi ne masana shari'a da ƙungiyoyin marubuta su fassara ta da Hausa, su bayyana wa masu fasaha da magadansu abin da ta tanadar musu.

Na huɗu ya rataya ne a wuyanmu, mu malamai da ɗalibai. Jami'a ta buɗe ƙofa gwani ya shigo aji ya koyar, a biya shi kamar yadda ake biyan malami mai ziyara. Ɗalibin da ya je ɗaukar bayani wurin tsoho ya rubuta cikakken sunansa a kundinsa, ya kuma mayar masa da kofe in ya gama. Bai dace mu sami digiri da ƙarin girma da ilmin mutum ba, shi kuwa a sallame shi da goro. Faya-fayen da ke ajiye a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai, su ma a juye su cikin na'urorin zamani tun ƙura da zafi ba su cinye su ba.

Kammalawa

Jama'a, a taƙaice, na nuna cewa kakanninmu sun san darajar gwani, sun ba shi rawani sun kuma ɗora masa aikin renon magada, ko da yake sun bar mana rainin sana'a da ya kamata mu yar. Na nuna cewa karramawar zamani ta ɗaga matsayin masu fasaha, amma takan zo a makare, takan tsaya ga mashahurai, kuma ba ta cika waiwayar sana'ar kanta ba. Ku ma'aikata, fayilolin da za su tabbatar da waɗannan shawarwari a kan teburanku za su biyo, kada ku bari su kwana. Ku ɗalibai kuwa, hutu na tafe. Kowannenku akwai tsoho ko tsohuwa a garinsu mai riƙe da wani ilmi da ba ya cikin littafi. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaya, ku rubuta, domin da zafi zafi ake bugun ƙarfe.

 Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum.