Kuloci da Ƙafar Hagu: Me Ke Cinye Faifan Motocin Hayarmu?

 

Shekara da shekaru ina jayayya da wasu abokan aikina masu cewa a rage darasin kuloci a manhajar ɗalibanmu, wai duniya ta koma atomatik da motar lantarki. Ina gayyatarsu su tsaya a Shuwarin ranar kasuwa, su duba me ke kwashe buhunan riɗi da gero zuwa Kano. Golf ce da Sharon da Kanta da tsohuwar J5, ga tarakta a gona, kusan dukkansu da ƙafar hagu ake tuƙa su. Duniyar da suke faɗa ba ta iso hanyar Kiyawa zuwa Jahun ba tukuna.

Kayan cikin kuloci kun san su. Akwai fulawil da ke ɗaure a bayan inji, yana juyawa tare da shi. Akwai faifai mai fata gaba da baya, zaune a kan sandar da ke shiga giyabos. Sai murfi mai sifirin da ke matse faifan a jikin fulawil. In ƙafa na sama, ukun sun zama abu guda, ƙarfin inji ya wuce zuwa tayu. In an taka, kebur ko mai ya tura boris, boris ya danna tsakiyar sifirin, murfi ya saki, a sa giya cikin kwanciyar hankali. A waɗannan halaye biyu faifai ba ya cin kansa. Ɓarnar tana tsakaninsu, wurin da direba ke kira rabin kuloci.

A nan zan daɗe, don nan ce hujjata. Zafin da kuloci ke sha shi ne ƙarfin juyin da yake ɗauke da shi a ninka da bambancin gudu tsakanin fulawil da faifai. Mu ɗauki mota cike da lodi a kan hawa, direba ya tsayar da ita da rabin kuloci maimakon birki. Inji na juyi 2,000 a minti, faifai a tsaye cik, ƙarfin juyin a ce nyuton-mita 100. Duk ɗalibin shekarar farko zai iya lissafin: kusan kilowat 21. Wato kamar a kunna dutsen guga ashirin masu wat 1,000 a kan faifan da bai wuce faɗin faranti ba. Babu ko ɗigo na wannan ƙarfi da ya motsa mota, duk ya koma zafi. Daƙiƙa goma kawai, zafin ya isa ya tafasa fiye da rabin lita na ruwa. Fatar faifan zare ce da aka haɗa da danƙo. In zafi ya yi yawa danƙon ya ƙone, fuskar ta yi sulɓi, riƙonta ya ragu. Raguwar riƙo ta ƙara zamewa, zamewa ta ƙara zafi. Ƙaurin da fasinja ke ji a hawan Garu na Dutse, kuɗin mai mota ne ke ƙonewa.

Sai ku ɗora lodi a kai. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, direba na neman fanshe kuɗin mai da ƙarin buhu da ƙarin mutum. Ban ga laifinsa ba, amma nauyi ya ninku, lokacin zamewa wurin tashi ya ninku. Wani kuma ya tashi da giya ta biyu don ganin ta ɗaya ɓata lokaci ce. Wani ya ɗora ƙafa a kan feda tun daga Dutse har Wudil, boris na ta juyi ba dalili. In taya ta nutse a yashi, sai totur da rabin kuloci har hayaƙi ya tashi.

Za a ce mini jabun kaya ne da lalacewar hanya. Jabu akwai shi, amma faifan gaske ma ba ya jure kilowat 21. Rami kuwa ƙafar mota yake karyawa, ba ruwansa da kuloci.

Kanikawa, ku ma da naku kason. A sauke giyabos, aikin yini guda, a canza faifai kaɗai don mai mota ya yi ƙorafin kuɗi, a bar murfin da sifirinsa ya gaji, a bar fulawil mai tabon ƙuna, a bar robar da ke ɗigo da baƙin mai a kan sabuwar fata. Ba da jimawa ba motar ta dawo, a ce kayan ne ba su da kyau.

Abin da nake nema ba sabo ba ne, na sha faɗa a ɗakunan taro. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke nan Dutse ta buɗe bitarta ga yaran gareji da yamma, a farke musu kuloci su ga cikinsa kafin su taɓa na mutane. Ƙungiyar direbobi ta daina sa yaron mota a layi sai ya tsayar da mota mai lodi a kan hawa da birkin hannu, ya tashi ba tare da ta koma baya ba. Masu ba da lasin su sa wannan a gwaji, kuma wanda ya ci gwaji da atomatik kada a ba shi izinin jan fasinja da mai giya. Kanikawa su riƙa canza faifai da murfi da boris tare, su rubuta wa mai mota kilomitar da aka yi aikin.