Jan ido ga jariri: wane ne na tsoro, wane ne ba na tsoro ba?

Yau zancenmu a kan idon jariri yake.

Uwa tana duba ɗanta, sai ta ga jijiyoyi jajaye, sirara kamar zare, cikin farin idonsa. Hankalinta ya tashi. To, ku saurara. Waɗannan hanyoyin jini ne, kowa yana da su. Idan yaro ya yi kuka mai yawa, ko hayaƙin murhu ya shiga masa, ko ƙurar hunturu, sai su cika da jini su fito fili. In ya huta, suna komawa.

Wani jaririn kuma ana haihuwarsa da ɗigon ja, kamar jini ya kwanta gefen baƙin ido. Matsin haihuwa ne ya fasa ƴar jijiya. Ba ya yi masa zafi, ba ya hana shi gani. Cikin sati 2 ko 3 zai ɓace da kansa. Ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne.

Amma ga inda ake tsoro. Jariri bai kai wata ɗaya ba, ido ya yi ja, fata ta kumbura, mugunya tana fita, ido ya liƙe. Wannan ba a kwana da shi. Sau da yawa ciwon sanyi ne ya ɗauka wajen uwa lokacin haihuwa, kuma yana nunawa tsakanin kwana 2 da kwana 5. Cikin ƴan kwanaki yana iya cinye ido, yaro ya makance har abada. Ko ranar suna ba ta zo ba, a ɗauke shi a kai gidan likita. Maigida, kai ma ka je tare da matarka, don ku biyun ne za a yi wa magani. Babu kunya a nan.

Haka kuma in jan ido ya zo da zazzaɓi, ko yaro ya ƙi nono, ko ya kasa buɗe ido ga haske, ko kun ga fari cikin baƙin idonsa.

Kafin ku isa, ku wanke hannu da sabulu. Ku tafasa ruwa, ya huce. Ku jiƙa tsumma mai tsabta ku shafe kwantsa daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Kowane ido da nasa tsumma.

Kada ku ɗiga ruwan ganye, ko fitsari, ko maganin da ya rage na wani. Kwalli ma ku bar shi: yawancinsa yana da darma, guba ce ga yaro, kuma maciyi ɗaya yana yawo da ciwo daga ido zuwa ido.

Mai ciki, ki je awo, ki haihu a gidan likita. Can ana sa wa jariri man ido tun ranar haihuwa, don ya kare shi daga wannan ciwo.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabta.