Motar Rangadi da Amalanken da Take Ja

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura



Maganar yau a kan motar rangadi ce, musamman wadda za a ɗaura wa amalanke a baya. Abin da ake nufi da amalanken mota shi ne 'yar tirelar nan mai taya biyu, wadda akan loda wa tanti da gadaje da ruwa da abinci in za a kwana a ƙauye. A ƙasashen Turawa har ɗaki sukutum sukan ja a bayan mota, su nufi daji shan iska. A nan kuwa aiki ne ke fitar da mutum: sasanta manoma da makiyaya, ko duba ɓarnar ruwa, ko rakiyar masu allurar rigakafi zuwa ƙauyen da ba shi da masauki.

A zamanin En'e, hakimi da Di'o a kan doki suke rangadi, 'yan alaro na biye da kaya. Kayan mutum guda kimanin laba 60 ne, watau wajen kilo 27. Saboda haka mai shirya tafiya yakan ƙidaya kaya tukuna, sa'an nan ya san ko mutum nawa zai nema wurin dagaci. Da mota ta zo, musamman Land Rover wadda aka fara yi a Ingila cikin 1948, sai doki ya huta, 'yan alaro suka koma gonakinsu, kuma babu mai kewar wannan wahala. Amma tare da su aka bar lissafin nan, alhali kuwa shi ne tushen al'amarin. Yanzu akan sayi mota domin kyanta ko domin an ga irinta a ƙofar wani, sa'an nan a nemi abin da za a ɗaura mata. Ya kamata a komo ga hanyar dā: a san kaya, a san hanya, su biyu su zaɓi motar.

To, ga misali, malamai su ɗauki alƙalami. A ce amalanke fanko nauyinsa kilo 450 ne. An ɗora ruwa duro biyu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, duro kuwa lita 200 yake ci, ke nan kilo 400. Tanti da tamfol da turaku, a ce 150. Janareto da mansa, 100. Buhun hatsi, 100. Gadaje da katifu da tukwane, 150. Jimla kilo 1,350. Wanda ya dubi kayan nan a tsakar gida ba zai ce sun kai haka ba, don ruwa ba ya cika ido, ga shi kuwa shi ya fi kome nauyi.

Wannan jimla tana faɗin abu biyu. Na farko, a dokar ƙasashen Turai duk amalanken da nauyinsa da kayansa ya wuce kilo 750, tilas ya kasance da birki nasa na kansa, kuma masu ƙera motoci a kan wannan iyaka suke rubuta littafinsu. Amalanken da maƙeri ya haɗa a bakin kasuwa da tsohuwar ƙafar mota ba shi da birki ko kaɗan. In aka taka birki a gangara, nauyinsa duka a kan motar yake faɗawa, ya ingiza ta gaba. Na biyu, masu jan ɗakuna a Ingila suna da wata shawara ga direban da bai saba ba, cewa kada abin da ake ja ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar tana fanko. Bisa ga wannan, kilo 1,350 yana bukatar motar da ta kai kusan kilo 1,600. Ƙananan motocin da suka cika hanya, irin su Golf da Corolla, ba su kai nan ba. Akori-kura irin Hilux mai ƙofa huɗu tana wajen kilo 2,000, ta wuce.

Kowace mota akwai iyakar abin da masu ita suka yarda ta ja, an rubuta a littafinta, an kuma buga iyakar nauyinta a wani ɗan allo a jikin ƙofa ko cikin gidan inji. Kada a karɓi maganar dillali a nan. Sababbin Hilux akwai waɗanda aka yarje wa kilo 3,500 in amalanken na da birki, amma tsofaffi ba su kai haka ba, kuma suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Har wa yau a tuna a kan kwalta aka auna wannan adadi. Wanda zai shiga rairayi, ya fi masa alheri ya tsaya wajen rabinsa.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta bambanta ƙasashen nan. Babbar hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure, da wadda ta bi ta Dambatta zuwa Babura, kwalta ce, kowace mota takan bi. Amma rangadi daga inda kwalta ta ƙare yake farawa. Ƙasar Babura, har zuwa iyakar Nijar, jigawa ce mai rairayi. A rairayi, tayun amalanke ba sa taimakon kome, nitsewa suke yi suna riƙe motar kamar garma. Abin da ake bukata a nan mota ce mai ja da taya huɗu, wadda direbobi ke kira fowil, mai kuma ƙaramar giyar nan ta ja a hankali da ƙarfi. A lura, ba kowace mota mai tsayi ce ke da wannan ba. Akwai masu siffar jif da yawa waɗanda tayun gaba kaɗai ke ja, akwai kuma Hilux masu ja da tayun baya kaɗai. Sai an leƙa ƙarƙashi an gani. Direban da ya san aikinsa yakan rage iskar taya kafin ya shiga rairayi domin ta shimfiɗu, ya mayar in ya fita, saboda haka famfon iska yana cikin kayan tafiya.

Ƙasar Roni da wani sashe na Kazaure da Gwiwa kuwa akwai duwatsu da tsakuwa da kwazazzabai, ga hawa ga gangara. A nan tsayin cikin mota daga ƙasa shi ne abin dubawa, da birki. In ana gangarowa da kaya, a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Wanda ya dogara ga birki kaɗai, zai yi zafi ya daina kamawa a daidai lokacin da ake bukatarsa. Da damina, in fadama ta jiƙe, babu motar da za ta ja amalanke cikin taɓo sai tarakta.

Ana yawan tambaya ko mai canza giya da kanta ta fi, ko mai giyar hannu. Kowace na da laifinta. Mai canzawa da kanta man giyarta yakan yi zafi in tana jan nauyi a hankali, balle a watannin bazara da zafi kan wuce awo 40. Mai giyar hannu kuwa kulocinta ne ke ƙonewa a hannun direban da bai iya tashi da kaya ba. Sai dai kuloci kowane bakanike a Kazaure zai iya canza shi, waccan kuwa sai an kai ta Kano. Wannan ya kawo wata doka da ba a rubuta a littafi ba: a sayi motar da ake samun kayan gyaranta a kasuwar Ƙofar Ruwa. Dalilin da Peugeot ta daɗe a hannun ma'aikata ke nan bayan an fara harhaɗa ta a Kaduna cikin 1975, shi ne kuma dalilin da Hilux da Land Cruiser suka gaje ta. Motar alfarma wadda sai an aika ƙasar waje neman ƙaramin ƙarfe, ta zauna a ƙofar fada don ranar salla.

Wurin haɗa mota da amalanke, nan ne aka fi yin sakaci, nan ne kuma rai ke salwanta. Ba a ɗaura amalanke a jikin bamba, ba a kuma ɗaure shi da igiya ko waya. Ƙugiyar ja a jikin ƙashin motar ake ɗaure ta da kusoshi, shi ya sa mota mai ƙashin ƙarfe daban da jikinta ta fi dacewa da wannan aiki. Ƙwallon ƙugiyar da aka saba da shi a Turai kaurinsa milimita 50 ne, bakin amalanke kuwa lalle ya zama daidai da shi. Bayan wannan a sa sarƙa, domin in ƙugiya ta kuɓuce kada amalanke ya tafi shi kaɗai cikin jama'a ran kasuwa. A haɗa masa fitilun birki da na juyawa.

Lodi ma da tsarinsa. Kaya masu nauyi, kamar duron ruwa, a ajiye su ƙasa ƙasa, a kan tayu ko ɗan gaba da su kaɗan, yadda kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyin zai danna ƙugiya. A misalin da aka bayar, wajen kilo 95 ke nan, kusan buhu guda. In nauyi ya koma baya, amalanke yakan fara kaɗa wutsiya da an ƙara gudu, har ya juya motar. In haka ta fara, a ɗaga ƙafa daga mai a hankali, a riƙe sitiyari sosai, kada a danna birki da ƙarfi. Nauyin nan da ke kan ƙugiya kuma a cikin kayan motar ake lissafa shi, tare da dogarai da maroƙa da duk wanda ya ɗare baya. Cikin amalanke kuwa ba a ɗaukar mutum, ko yaro ne, ko tafiyar kusa ce.

Wani lokaci lissafi yakan nuna ba a bukatar amalanken ma. Akori-kura guda takan ɗauki kusan tan ɗaya a bayanta. In ƙauyen na da rijiya ko famfo, duro biyun nan sun fita daga lissafi, sauran kayan su shiga mota. In kuwa hanyar ta gagara, a sauke kaya a bakin burji, amalanken shanu ya ƙarasa da su, babu abin kunya a ciki.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 baitulmalin En'e ya bar sayen mota, sai a rubuta takarda a nema, ko ta bi ta majalisar Sarkin Kazaure, ko ta Sarkin Ringim kamar yadda ta Babura ke bi. Malamin da zai rubuta irin wannan takarda kada ya fara da sunan mota. Ya rubuta nauyin kayan da ake ɗauka, da yawan mutanen da ke tafiya, da sunayen ƙauyukan da suka fi wuyar shiga da irin ƙasarsu, da watannin da ake zuwa, da ko amalanken na da birki. Ya kuma nemi a ba direba kwana biyu ko uku a fili ya koyi ja da baya da amalanke, kafin ranar da hakimi zai shiga motar.