Sarkin da Ya Zaɓi Jaki: Almasihu a Fahimtar Kirista

Sunan Almasihu ba baƙo ba ne a kunnen kowa a wannan zaure. Musulmi suna girmama Annabi Isa ɗan Maryamu da wannan laƙabi, Yahudawa masu riƙo da addini suna jiran zuwan Almasihu har yau, Kirista kuwa sun gina imaninsu kacokan a kan cewa ya riga ya zo, shi ne Yesu Banazare. Fahimtocin nan uku sun saɓa a wurare masu nauyi, musamman batun gicciye, kuma ba sulhunta su ne ya kawo ni ba. Fahimtar Kirista zan duba, da hujja ɗaya da nake so in kafa: a wurinsu tawali'un Almasihu ba rigar aro ba ce da ya sa kafin ya hau karagar gaske. Tawali'un shi ne salon sarautar, salamar da ya yi alkawari kuma ba ta rabuwa da hanyar da ya bi ya kawo ta.

Sai mun san halin da ƙasar Yahudiya take ciki kafin mu ji nauyin wannan magana. A shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu, sarkin yaƙin Romawa Pompey ya ci Urushalima, har ya kutsa wuri mafi tsarki na Haikali. Daga nan ƙasar ta koma hannun Roma, ko kai tsaye ko ta hannun sarakuna irin su Hirudus. A shekara ta 6 bayan haihuwa, da aka yi ƙidayar haraji, Yahuza Bagalile ya ta da bore yana cewa biyan haraji ga Kaisar bauta ce. Jama'a kuma ba su manta da Makabiyawa ba, gidan firistocin da suka yaƙi sojojin Sarki Antiyokus suka sake tsarkake Haikali a shekara ta 164 kafin haihuwa. Da Saminu, ɗaya daga cikinsu, ya ƙwace sansanin sojan da ke cikin birnin bayan shekara ashirin da 'yan kai, da rassan dabino aka yi bikin nasarar. Ba dukan Yahudawa ne suke jiran Almasihu iri ɗaya ba, amma begen wani ɗan Dawuda da zai kori masu mamaya yana da ƙarfi, yakan kuma ƙara ruruwa lokacin Idin Ƙetarewa, tun da idin kansa tunawa ne da kuɓuta daga bautar Fir'auna. Shi ya sa gwamna Bilatus, wanda ya riƙe Yahudiya daga 26 zuwa 36, yakan baro mazauninsa na Kaisariya ya sauka Urushalima da sojoji duk lokacin idi.

A cikin irin wannan mako ne Yesu ya gangaro daga Dutsen Zaitun a kan aholaki, ɗan jakin aro. Linjila huɗu duk sun kawo labarin, Matiyu da Yahaya kuma sun ɗaura shi a kan sura ta 9 ta littafin Annabi Zakariya, inda aka yi wa Urushalima albishir da sarki adali, mai tawali'u, mai zuwa a kan jaki. Yahaya ya ce da rassan dabino jama'a suka tarye shi. Idan muka tuna bikin Saminu, za mu ga taron da mai hawan ba harshe ɗaya suke yi ba: su suna kaɗa alamar nasarar yaƙi, shi yana amsa musu da dabbar da ba a zuwa yaƙi da ita. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya kalli hawan sallah a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san doki na sarauta ne da jarumta, jaki kuwa na mai kai taki gona. Ranar da sarki ya fito karɓar jahi a kan jaki, kowa zai san da magana a ciki.

Masu nazarin tarihi suna da ja a nan, kuma jan nasu yana da tushe. Sukan ce a tsohuwar Isra'ila jaki da alfadari ba abin raini ba ne, manya ma suna hawa: a kan alfadarar Dawuda aka kai Sulemanu Gihon aka naɗa shi. Haka ne. Sai dai wannan ƙarfafa hujjar yake yi, domin yana nuna Yesu bai guje wa sarauta ba, iƙirarinta ya yi a bainar jama'a, ya kuma zaɓi irin wadda yake nufi. Doki da karusa su ne manyan makaman zamanin. Attaura ta hana sarkin Isra'ila tara dawakai. Absalom da Adonija, 'ya'yan Dawuda biyu da suka nemi ƙwace gadon mulki, kowannensu da karusa da dawakai da mutum hamsin masu gudu a gabansa ya fara. Ayar da ke biye a Zakariya ita ta yanke maganar, domin ta ce za a kawar da karusan yaƙi daga Ifraimu da dawakan yaƙi daga Urushalima, a karya bakan yaƙi, sarkin ya yi wa al'ummai shelar salama. Ku lura da inda kwance ɗamarar ta fara. Ba rumbun makaman abokan gaba aka ambata ba, na mutanen sarkin ne. A ganina wannan ce jijiyar dukan batun, ita ce kuma aka fi saurin tsallakewa.

Kwanakin da suka biyo baya sun tafi a kan wannan layi. A jibin ƙarshe ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa yake yi, har Bitrus ya ƙi da farko. Tun kafin nan, da Yakubu da Yahaya suka roƙi kujerun dama da hagu, ya nuna musu cewa sarakunan al'ummai danne talakawa suke yi, amma babba a cikinsu shi ne mai hidima. A lambun Getsamani Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya sa shi ya mai da takobin kube. A gaban Bilatus ya kafa hujja da wannan: da mulkinsa irin na duniya ne, da mutanensa sun yi faɗa. Romawa sun gicciye shi da rubutu a bisa kansa mai cewa sarkin Yahudawa ne, don izgili da gargaɗi. Kirista sun karanta rubutun a matsayin gaskiya, Bulus kuma a wasiƙarsa ga Filibiyawa ya sa ɗaukakar Almasihu ta biyo bayan ƙasƙantar da kansa har mutuwa, ya kuma ce wa ikkilisiya su ɗauki wannan hali. Roma ma tana alfahari da salama. Kaisar Augustus ya keɓe mata bagade a shekara ta 9 kafin haihuwa. Amma salamar Roma ita ce wadda sarkin yaƙinta Titus ya kai Urushalima a shekara ta 70, ya ƙone Haikali, aka yi faretin ganima a titunan Roma a shekarar da ta biyo.

Wani zai ce: ai Yesu da bakinsa ya yi zancen kawo takobi, ya kife teburan 'yan canji a Haikali, littafin Wahayi kuma ya nuna shi a kan farin doki. Zancen takobin a Matiyu sura ta 10 yana tsakiyar gargaɗi ne ga almajirai cewa za a tsananta musu, gida zai rabu a kansu. Su takobin zai sara, ba su za su riƙe shi ba. A Haikali ba a ce ya kashe kowa ko ya kafa runduna ba, kuma tawali'u bai taɓa nufin yin shiru a gaban zalunci ba. Mahayin farin dokin kuwa daga bakinsa takobin yake fita, littafin kuma daga farko har ƙarshe Ɗan Rago da aka yanka ya ɗora a tsakiyar kursiyi. Akwai Kiristan da suke karanta wannan sura a matsayin hukunci na zahiri a ƙarshen zamani. Ko a wannan karatu, hukuncin na Allah ne, ba a miƙa shi hannun wani mai bi ba.

Ja na gaba ya fi ciwo, domin tarihi ne. Bayan sarkin Roma Kustantin ya yi nasara a gadar Milbiya a shekara ta 312, gicciye ya hau tutar soja. A 1095 Paparoma Urban na Biyu ya yi kiran yaƙin gicciye, a 1099 mayaƙansa suka shiga Urushalima suka karkashe Musulmi da Yahudawan birnin, a garin da Ubangijinsu ya shiga a kan jaki. Ba ni da wata kariya da zan ba wannan, bai kuma kamata Kirista ya nemi wata ba. Abin da za a iya faɗa shi ne, ma'aunin da ya kama su da laifi a cikin littafinsu yake, kuma ba a rasa waɗanda suka riƙe shi ba. Tertuliyan na Kartaj ya koyar da cewa karɓe takobin Bitrus kwance ɗamarar kowane soja Kirista ne. A 295 aka kashe saurayi Maksimiliyan a Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, saboda ya ƙi shiga soja. A 1219, ana tsakiyar yaƙi a Dimyaɗ ta Masar, Faransis na Assisi ya ƙetara fagen fama ba makami ya gana da Sultan al-Kamil, ya kuma dawo lafiya. Martin Luther King ya jagoranci ƙaurace wa motocin bas a Montgomery daga 1955 zuwa 1956, da aka jefa bam gidansa ya hana jama'arsa ramuwa.

Ja mafi nauyi daga Yahudawa ya fito. A muhawarar Basalona ta 1263, a gaban Sarki James na Aragon, malam Nahmanides ya ce annabawa sun yi alkawarin zamanin da za a mai da takuba garemani, alhali tun zuwan Yesu duniya ba ta huta da zubar da jini ba, Kirista kuma suna kan gaba wajen zubarwa. Amsar da tauhidin Kirista yake bayarwa ita ce mulkin ya soma amma bai kammala ba: an sulhunta mutum da Allah a kan gicciye, cikar salamar duniya tana jiran dawowarsa. Bayahude yana da haƙƙin ya ce wannan jinkirta alkawari ne, kuma tarihi kaɗai ba zai raba gardamar ba, domin ta koma kan ko mutum ya gaskata tashin Yesu daga matattu. Amma amsar tana ɗauke da sharaɗi mai tsauri a kan mai ba da ita. Sarkin da ya ƙi kafa salama da tilas ya bar wa duniya shaida guda da ido zai iya gani kafin ƙarshe, wato jama'ar da take yafe wa maƙiyi, take ƙin ramuwa, take sa babbanta ya yi wa ƙaraminta hidima. Inda aka ga wannan jama'a, amsar Kirista tana da abin tsayawa a kai. Inda Kirista suka ɗauki makami da sunan Almasihu, a Basalona ta ƙarni na 13 ko a garuruwanmu da rikicin addini ya raba unguwa biyu, hujjar Nahmanides suke ƙara wa ƙarfi da hannunsu.