Kuɗin Karnukan Farauta: Daga Wane Aljihu Za Su Fito?

  

Maganarmu ta yau ta samo asali ne daga saƙon murya da wani ɗan'uwa ya turo mini daga ɓangaren Bauchi. Ya ce kada na faɗi sunansa, to ba zan faɗa ba. Ya ce yana da karnukan farauta guda shida, gadon mahaifinsa ce sana'ar, amma bana abin ya fi ƙarfinsa. Abincin karnukan ya gagara, kuɗin motar fita daji ya gagara, har ta kai uwargida ta ce masa ko dai karnuka ko dai ita. Yana tambaya ina zai samo ƙarin kuɗi ya ci gaba da farautarsa ba tare da gidansa ya watse ba.

To ɗan'uwa, na saurari saƙonka har sau uku, don abin da ya same ka ya taɓa samuna. Kuma zan fara da abin da mafarauta ba ma son ji. Farauta da karnuka a yau ba ta ciyar da kanta. Duk wanda ya ce maka naman da zai kamo ne zai riƙe masa karnuka shekara guda, ko dai bai taɓa zama ya yi lissafi ba, ko kuma wani ne ke biya masa bai sani ba. Yawanci kuma wannan wanin matarsa ce.

Mu yi lissafin tare. Farautarmu ta rani ce. Sai an gama girbi, an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan ake kaɗa gangi. Daga wajen Disamba zuwa Afrilu kenan, da ruwa ya sauka an shiga shuka, shi kenan an rataye gora. Ni dai a shekarar da na fi ƙwazo, da na ƙirga fitar da na yi ba ta wuce talatin ba. Shi kuwa kare kwana 365 yake cin abinci. Bai san damina ba, bai san azumi ba, bai san an ƙara kuɗin masara ba. Ka ga kenan kana ciyar da shi kwana goma sha biyu don ya yi maka aikin yini ɗaya. Kuma a yinin nan me za a samo? Zomo biyu, gafiya, wata rana zabuwar daji, in Allah ya ci da kai ka samu gada. Gwankin da kakanninmu ke ba da labari, yanzu sai dai a hoto. Dajin ya zama gona, wanda bai zama gona ba kuma ba ya shiguwa saboda rashin tsaro.

Ni lokacin karnuka bakwai gare ni. Ina alfahari da su, in na fito da su a kan hanya yara na bi na a baya. Ban taɓa ware musu kuɗi ba, daga buhun gida ake ɗiban nasu. Wata damina hatsinmu ya ƙare tun watan Yuli, wata biyu kafin sabon gero. Na rasa yadda zan yi, na ɗauki akuyar maiɗakina na kai kasuwa, na ce mata aro ne. Ba ta yi mini faɗa ba, wallahi da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, akuyar nan da ma ta kuɗin makarantar yarinyar nan ce." Na kwana biyu ban iya kallon idonta ba. Daga ranar na raba aljihun kare da aljihun gida, kuma yau shekara da shekaru ban sake haɗa su ba.

Saboda haka kafin ka nemi ƙarin kuɗi, fara sanin nawa kake nema. Kada ka yi lissafin da naira, naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, farashin yau daban na wata mai zuwa daban. Yi shi da kwano. Ka auna kwano nawa na dusa da tsaki karnukanka ke ci a mako, ka ninka sau 52. Wannan adadin shi ne bashin da ke kanka duk shekara. Da ka gan shi a rubuce, kai da kanka za ka fara tambayar kanka ko shidan nan duka suna aiki.

Don gaskiya ba duka ke aiki ba. A kowane garke akwai mai hanci, wanda ke tayar da nama. Akwai mai gudu, wanda ke kamawa. Sauran 'yan rakiya ne, sai an kama su zo suna haushi kamar su suka yi aikin. Ni da na tace nawa, uku na bari. Huɗun na rarraba wa abokan farauta da wani mai garken shanu da ke neman na gadi. Naman da nake samu bai ragu ba ko kaɗan, abincin da nake saye ya ragu fiye da rabi. Na san akwai zafi, ana ganin yawan karnuka shi ne girman mafarauci. To girman da akuyar matarka ke biya, ni dai na ƙoshi da shi.

Yanzu ina kuɗin za su fito? Abin da ya fi riƙe ni shi ne gona. Na yanki wani ɓangare a gonata, kunya goma sha biyar, na ce wannan ta karnuka ce. Dawa nake shukawa a wurin. Abin da ta bayar nasu ne, ba a taɓa shi don gida, su ma ba sa taɓa na gida. In shekara ta yi kyau har rara ake samu na sayar na ajiye kuɗin allura. Wanda ba shi da gona sai ya yi dabarar kaka: lokacin da hatsi ya faɗi a kasuwa, wajen Nuwamba da Disamba, a lokacin ake sayen na shekara. Mai sayen dusa kwano-kwano a watan Agusta shi ne ke biyan kuɗi mafi tsada a garin.

Sai kuma mahauta. Ka yi abota da mahauci, ka riƙa zuwa kwata da sassafe. Jini, ƙashi, guntun tumbi da huhu, abubuwan da ba su da kasuwa sosai, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za ka cika bokiti. Wani ma in kana taya shi wanke wuri ko ɗaukar kaya kyauta zai ba ka. Amma a dafa, don Allah a dafa. Ɗanyen kayan ciki shi ke cika kare da tsutsa, kuɗin da ka tsira da shi a kwata sai ka kai wa mai maganin dabbobi. Haka masu tuwo-tuwo da gidajen biki, ƙanzo da ragowar tuwo da yawa zubarwa ake yi. Ka ajiye musu bokiti, yaro ya riƙa ɗaukowa da yamma.

Abu na gaba, karen nan da ke kwance wata bakwai yana iya neman abincinsa da kansa. Da damina manoman da gonakinsu ke bakin dutse ko bakin daji suna kuka da birai, musamman in masara ta fara nuna. Ga masu lambu da rani, ga masu rake. Ka je ka yi ciniki da su, kai da karnukanka ku riƙa kwana biyu-uku a mako kuna tsare gonar, a biya ka da hatsi in an girbe. Ni na fi son a biya ni da hatsi a kan kuɗi, don kuɗi in ya shigo aljihu sai ya sami wata hanyar. Kuma karnukan na samun motsa jiki, ba za su shiga rani da teɓa ba.

Akwai masu cewa a riƙa sayar da 'yan kwikwiyo. A nan sai na ɗan taka a hankali, don magana ce ta malamai. Riƙon kare don farauta halal ne, wannan babu ja, Suratul Ma'ida aya ta 4 ta yi maganar abin da dabbar da aka horar ta kamo. Amma cin kuɗin kare wani abu ne daban. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san an hana sayar da karnuka, sannan aka yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa, kamar na farauta da na kiwo. A cikin malaman Malikiyya Sahnun na daga waɗanda suka halatta. To ka je ka tambayi malamin da ka yarda da shi, kada ka ce ni na ba ka fatawa. Mu dai a wajenmu abin da muka saba shi ne musaya, ka ba ni ɗan karyarka mai hanci, na ba ka hatsi ko na ba ka nawa in ta haihu. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka miƙa tsohon karenka ga masu saye suna lodawa zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato. Kowa ya san inda tafiyar ke ƙarewa. Karen da ya yi maka shekara takwas yana shiga ƙaya saboda kai, ni zuciyata ba ta ba ni.

Mu zo kan mota, don nan ne kuɗi ke tafiya da yawa yanzu. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kantar da muke ɗauka shata ta kai mu daji ta jira mu ta dawo da mu, kuɗinta ya bi sahu. Abin da ya cece mu a ƙungiyarmu shi ne asusu. Da can sai ranar fita ake karo-karo a bakin mota, wannan ya ce bai da shi, wancan ya ce a ranta masa, rana ta take ba a tashi ba. Yanzu zubi muke yi duk ranar kasuwa, tun daga damina, ɗan kaɗan wanda ba zai dami kowa ba. Kuɗin na hannun mutum biyu, akwai littafi, Sarkin Dawa na sa hannu. Kafin rani ya kama mun san fita nawa asusun zai ɗauka, mu tsara su a kan haka. Fita goma da aka shirya ta fi ashirin ta bashi daɗi. Kuma a cikin asusun muna ware wani abu na ko-ta-kwana, don wata rana kare zai karye, wata rana mutum ne zai sare ƙafarsa.

Tunda ana maganar tafiya, ba zan wuce ban ambaci 'yan'uwanmu mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ba, suna hanyar dawowa Kano daga Fatakwal don yin sallah a gida. Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Ba su yi laifin komai ba, zalunci aka yi musu. Amma tun daga lokacin, duk wanda zai yi doguwar tafiya a cikinmu sai mun tabbatar yana da katin ƙungiya da takardar shaida daga hukuma, kuma kuɗin yin su daga asusu yake fita. Ka sa wannan a lissafinka.

Wurare biyu ne ba a yi musu rowa. Na farko allurar haukar kare. Ana fara ta tun kwikwiyo na wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin wannan allurar, ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a daidai lokacin wasu jihohi kan yi wa karnuka kyauta, to ka sa kunne, ka kwashi naka ka kai. In karenka ya ciji ɗan maƙwabci ba shi da takardar allura, alluran da za a yi wa yaron ba guda ɗaya ba ce, kuma kai za ka biya. In kuwa aka yi sakaci har alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, ba a tashi. Na biyu, kada neman nama mai yawa ya ja ka cikin dajin da gwamnati ta killace. Kai da ke Bauchi ga Yankari nan kusa da kai, mu nan ga Falgore. Na san naman na can, kowa ya sani. Amma in ma'aikatan daji suka kama ka, tara da zirga-zirgar kotu za su cinye abin da ka tara na shekara biyu, karnukan ma ba lallai ka sake ganinsu ba.

Sai magana ta ƙarshe gare ka ɗan'uwa, game da uwargida. Ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin kwanon nan, ka nuna mata inda na karnuka zai riƙa fitowa. Kuma duk ranar da aka dawo daga daji, kafin a kai komai kasuwa, a fara ajiye na gida. Ni zomon farko na maiɗakina ne, ko shi kaɗai aka kamo ranar. Akuyarta kuwa na biya ta tun a kakar shekarar, da 'yar ƙaramar tunkiya a kai.

Ka sake turo mini saƙo bayan girbi na ji karnuka nawa ka bari. Masu tambaya a kan maganin kaska da ƙuma, na ga saƙonninku, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da shi za mu fara.