Gilashi Nawa Matafiyi Zai Ɗauka?



Shugaban wannan taro, ranka ya daɗe. Malamanmu waɗanda suka sha wahalarmu, Allah ya saka muku da alheri. 'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a bana, na zaci a kan aikin gona ko noman rani zai ce in yi, tun da shi ne abin da gwamnati take biya na albashi a kansa. Sai ya ce a'a, wai tun da ba a raba ni da kyamara a kowane biki, kuma da yawa daga cikinmu yanzu suna fita waje kwas ko kasuwanci, in faɗa wa jama'a irin gilashin kyamarar da ya kamata matafiyi ya sa a jaka. To, ni ba gwani ba ne. Abin da zan iya shi ne in ba ku labarin yadda na yi ɗaukar Dala ba gammo, daga Fammar har ƙasar Masar.

Kafin nan, bari in tuna mana da wani darasi. Malaminmu na kimiyya, ga shi nan zaune a sahun gaba, ya taɓa fitar da mu bayan aji da tsakar rana, ya riƙe wani ɗan gilashi mai tudu a tsakiya a kan takarda har ta kama hayaƙi. Mu a lokacin tsafi muka ɗauke shi. Ashe abin da ke gaban kowace kyamara ke nan, watau gilashi mai tattara haske wuri ɗaya. Lambobi biyu ne a jikinsa. Ta farko milimita ce: in ta yi ƙasa, kamar 18 ko 24, gilashin yana da faɗin gani, yana kwaso fili da yawa, in ta yi sama, kamar 200 ko 300, yana jawo nesa kusa amma ganinsa ya tsuke. Wajen 50 shi ne mafi kusa da yadda idon mutum yake auna nisan abubuwa. Sai dai a ƙananan kyamarori irin tawa ta Nikon, allon da haske ke sauka a kai bai kai girman fim ɗin da ba, don haka sai a ninka lambar sau ɗaya da rabi: 35 a wurina kamar 52 ne. Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da harafin f, faɗin ƙofar haske ce, kuma a juye take tafiya. Mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6. Malam, in na yi kuskure a gyara mini bayan an tashi, ba a gaban yara ba.

A watan Nuwamba na 2023 aka tura mu kwas na mako uku a Alƙahira a kan hanyoyin ban ruwa. Da na je gida Fammar yin sallama, na tarar da Baba yana lissafin abin da injin ban ruwa ya ci masa, domin tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar, lambu ya zama abin da sai an yi shawara kafin a shiga. Baba da jigo ya fara lambu a fadama, ina yaro ina kora masa ruwa a kwami. Bai ce in kawo masa jallabiya ko turare ba. Cewa ya yi, "An ce mutanen nan shekara dubbai suna noma ba ruwan sama. Ka ɗauko mini hoton yadda suke yi, in gani da idona."

Wannan magana ita ta sa na shiga haɗama. Ina da gilashin da kyamara ta zo da shi, mai tafiya daga 18 zuwa 55. Ina da wani ɗan ƙarami mai 35 kawai, f/1.8, wanda na saya na hannu, nauyinsa bai wuce giram 200 ba. Na ga kamar ba su isa ba. Na je wurin wani abokina mai ɗaukar hoton hawan Sallah a Kano na aro nasa mai 70 zuwa 200, f/2.8, wanda shi kaɗai ya kai kilo ɗaya da rabi, kuma kuɗinsa ya fi albashina na wata shida. Da zai miƙo mini sai da ya ce, "Ka san dai da shi nake ci da iyali." Sa'an nan na cire daga kuɗin guzuri na sayi na huɗu, mai faɗin gani ƙwarai, 10 zuwa 20.

Tun a filin jirgi aka fara. Jakar hannu a yawancin jirage kilo bakwai ko takwas ake yarda da ita, ga kwamfutar ofis, ga batura waɗanda doka ta hana a jefa su cikin babban akwati. Gilashin aro kuwa ba zan yarda ya shiga ƙarƙashin jirgi ba. Haka na tsaya a gaban layi ina cusa caja da takardu a aljihun babbar riga, abokan tafiya suna dariya.

Ranar hutunmu ta farko muka tafi Giza. Babbar dalar Fir'auna Khufu, wadda kowane gefe na gindinta ya kai mita 230, tsawonta kuma a da ya kai mita 146, ba ta shiga hoto in kana kusa da ita. Na ɗaura mai faɗin gani na ɗaga kyamara sama, sai dalar ta fito kamar za ta faɗi ta baya, mutanen da ke gefe kuma kawunansu sun miƙe kamar goruba. Na cire na sa dogon, na cire na mayar da na farko, duk a tsaye cikin iska mai rairayi irin ta tsakiyar hunturunmu. Da dare da na duba, kowane hoto mai sararin sama yana da ɗigo biyu baƙaƙe a wuri ɗaya. Ƙura ta shiga ta zauna a kan allon. Wanda duk zai canza gilashi a irin wannan wuri, ya kashe kyamara, ya kifa bakinta ƙasa, ya shiga mota ko ya juya wa iska baya. Ni sai da na biya aka goge mini.

Ba zan ci amanar dogon gilashi ba, ya yi rana sau ɗaya. Daga wani tudu can nesa ya haɗa mini dalolin nan uku kamar suna jingine da juna, kuma shi ne hoton da ke rataye a ofishina. Amma a tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, inda haske ya yi ƙaranci kuma aka hana walƙiyar kyamara, ɗan ƙaramin nan mai f/1.8 ne kaɗai ya fitar da ni kunya. Haka a lungunan kasuwar Khan al-Khalili da magariba. Mai faɗin ganin da na kashe wa kuɗi kuwa, daga baya na gane wayar da ke aljihuna tana yin kusan rabin aikinsa, domin babban idon yawancin wayoyin yanzu wajen 24 zuwa 26 yake.

Akwai kuma abin da ban yi lissafinsa ba. A 2022 gwamnatin Masar ta sassauta doka, ta ce kowa yana iya ɗaukar hoto don kansa a bainar jama'a ba tare da lasisi ba, amma ba a ɗaukar yara, babba kuma sai da izininsa a rubuce. To, mu faɗa wa juna gaskiya, me yawancinmu muke so da dogon gilashi a ƙasar mutane, in ba satar fuskar wanda muke jin nauyin gaisarwa ba? Mu kanmu mun san yadda muke ji in baƙo ya tsaya daga nesa a kasuwar Rano ya auna mu da irin wannan bututu.

A mako na biyu aka kai mu Fayyum, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Alƙahira. Wuri ne mai kwari, ruwan Nilu yana gangaro masa ta wata tsohuwar hanya da suke kira Bahar Yusuf. Saboda gangaren, ruwan yana da gudu, shi ya sa suke da wasu manyan ƙafafun katako, baƙaƙe wuluk da kwalta, waɗanda ruwan da kansa yake juya su, suna ɗibarsa suna zubawa a magudanar da ta fi shi tudu. Ba saniya, ba fetur, dare da rana, sai kuka suke kamar tsohuwar amalanke. Ina ganinsu na ce ga saƙon Baba.

Na tsaya a bakin titi na ɗaura dogon gilashi na yi ta ɗauka. Hotuna masu kyau, ruwa yana walƙiya, amma ko ni da nake wurin ban gane ta ina ruwan yake shiga ba. Sai wani dattijo da ke yankan ciyawar barsim a gefe ya yafito ni. Na tsallaka, na yi sallama, na kwaso ɗan Larabcin da ya rage mini na aji uku. Da na ce masa mahaifina manomi ne kuma da shaduf ya fara, watau jigo, sai ya ajiye lauje ya kama hannuna. A nan dogon gilashi ya zama kaya, domin a taku biyu ba ya ganin komai sai ƙusa ɗaya. Na mayar da shi jaka na sa mai 35. Dattijon ya rubuta mini sunansa a littafina alamar ya yarda, ya tsaya a jikin ƙafar don a ga girmanta, ya nuna mini aljihunan da ke cikin da'irar, ramin da ruwa ke shiga in ta nutse, da inda yake zubowa in ta kai sama. Muka sha shayi mai sukari kamar na masu gini. Zuwa da kai, in ji Hausawa, ya fi aike.

Saboda haka in kun tambaye ni, biyu sun isa: mai tafiya daga faɗi zuwa matsakaici don rana, da ƙarami mai buɗaɗɗiyar ƙofa don duhu da kuma mutane. Dogo sai in namun daji ko tsuntsaye ko dawaki za ka je ɗauka, kuma ka san haka tun daga gida. An ce Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda ya zaga Indiya da Sin da kyamara, yawancin aikinsa da mai 50 ya yi shi. Cikin hotuna sama da 900 da na dawo da su, na gilashin aro ba su kai 40 ba, alhali shi ya hana ni barci mako uku, har banɗaki da shi nake shiga.

Na wanke guda goma sha biyu na kai Fammar. Baba ya shimfiɗa su a kan tabarma ya daɗe yana dubawa, bai ko kalli na dala ba. Can ya sa yatsa a kan kumfar da ke gindin ƙafar ya ce, "Ruwansu gudu yake. Namu da rani kwance yake, ba zai juya wannan ba." Abin da malaman kwas suka ɗauki yini guda suna bayani ke nan. Sa'an nan ya tambaye ni sandar tsakiyar da ƙafar take juyawa a kanta, da wane itace aka yi ta, kuma a kan me ta zauna da ba ta cinyewa. Na duba hotuna 900 ɗin nan kaf, babu ko ɗaya da na ɗauki wurin.

Hotunan suna kan teburin da ke bakin ƙofa ga mai son gani. Don Allah a mayar da su yadda aka same su, na Baba ne, aro na yi.